Tsumman Nya Haisa da Aya ta Bakwai

Bukoki, Yamai
Laraba, bayan La'asar

Assalamu alaikum, 'yata.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya a kujerar kar, motar fasinja, jakarki a kan cinya, iska tana shigowa ta taga. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba da abin da yake ja, ya sauke ku Gaya lami lafiya. Na ce wa babanki kada ya miƙa miki ita sai an tashi injin, don na san halinki. In kika karanta ta a gida, za ki biyo ni har madafa da tambayoyi, ni kuwa ba zan iya amsa su ido da ido ba.

Abin dariya ne, na sani. Shekara talatin ina tsayawa gaban alƙalai da baƙar riga ban taɓa rasa ta cewa ba. Akwai ma wani tsohon alƙali da yake cewa in Metir Rabi, wato ni lauya uwarki, ta miƙe, sai ya cire agogonsa ya ajiye, ya haƙura da abincin rana. Amma ke 'yar fari ce, ni kuma 'yar Damagaram ce da aka yi wa tarbiyya irin ta da. Ban taɓa kiran sunanki a gabanki ba. "Ke wannan" kika tashi kina ji, har ƙannenki suka mayar da shi abin tsokana. In kin ci jarrabawa sai in ce madalla, in juya ga tukunya. Yau takarda ta ɗauke mini kunya, zan faɗi abin da ke raina.

Ina alfahari da ke, alfaharin da har yake hana ni zama wuri ɗaya. Ranar da kika yi rantsuwar lauya na zauna a layi na uku, bakin gyalena ya jiƙe sharkaf, na ce wa matar da ke kusa da ni mura ce ta kama ni. Da aiki biyu suka zo miki a wata guda, ɗaya a babban biro, ofishi mai sanyi da mota, ɗaya a 'yar ƙungiyar da ke kare dajin giginya a ƙasar Gaya, ban ce miki komai ba, amma na yi ta addu'a a ɓoye. Da kika zaɓi giginya, gwaggonki ta zo har gida tana tafa hannu, tana cewa, "Shi ke nan, ta gaji uwarta, ta gaji wahala." Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba. Har yaji na ƙara mata a tuwo don murna.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya ina sa miki kilishi a akwati, sai hannuna ya taɓa koren dosiye, fayil ɗin takardunki, a ƙarƙashin zannuwanki. Na buɗe, na ga yarjejeniyar kurmin goriba, wadda na rubuta kina da shekara ɗaya a duniya, wadda ake koya muku a jami'a ana cewa yarjejeniyar Metir Rabi. Kin ja layi a ƙarƙashin ayoyinta, kin rubuta a gefe da ƙaramin rubutunki cewa da ita za ki yi koyi a Gaya. Na zauna a bakin gadonki. Akwai aya ɗaya a cikinta, ta bakwai, wadda in kika kwafe ta kika kai wa mutanen Gaya, za ki cuci matan da ba su san ki ba, kuma za ki kashe giginyar da kika je karewa. Na san haka ne don ni na yi, kuma ban taɓa gaya miki ba.

Bari in fara da abin da ban yi nadama a kansa ba, don kada ki ɗauka uwarki ta yi shekarunta tana ɓarna kawai. Kurmin yana bayan Harobanda, in an wuce lambuna an kama hanyar Say. A lokacin ina lauyar wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta, wadda malaman lekol, wato makarantar boko, da wani tsohon ma'aikacin gandun daji suka kafa. Wani Alhaji ya taso da takardu masu tampo, hatimin hukuma, rututu, yana cewa ya sayi filin, zai sare goribar ya yanka fulotai. Kowa ya ce mini in rufa wa kaina asiri, mutumin yana da dogon hannu. Shekara uku ina ƙetare gada a kan moto, dosiye ɗaure da roba a bayana, rana tana dukan ƙeyata. Na bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya, har na gano cewa wanda aka ce ya sa hannu ya sayar ya rasu damina biyu kafin ranar da aka rubuta a takardar. Ranar da alƙali ya karanta hukunci, lauyan Alhaji bai ma tsaya ɗaukar hularsa ba. Duk goribar da kika gani a can yau tana tsaye ne saboda wannan shari'a, kuma in na tuna har yanzu sai in ji ƙirjina ya buɗe. In irin wannan rana ta zo miki, ki tsaya daram. Ki karanta kowace takarda har kwanan watan da ke ƙasa, don mai dogon hannu yakan yi sakaci da ƙananan abubuwa.

Nasarar ce ta hau mini kai. Muka ce sai a yi yarjejeniya tsakanin ƙauyen da ke gefen kurmin da ƙungiya da hukuma, don kada wani ya sake dawowa da gatari. Ni na tsara ranar taro, na dubi kalandar biro na zaɓi ranar da ba ni da shari'a. Ban tambayi kowa ba, ashe ranar kasuwa ce. Na tarar da maza zaune a inuwa, mai gari a tsakiya. Na miƙe na karanta shafi tara da Faransanci, tafinta yana juyawa zuwa Zabarmanci. In na karanta shafi guda, sai ya faɗi kalmomin da ba su wuce numfashi ɗaya ba, mutane su gyaɗa kai. Na tambaya sau ɗaya, "Ina matan?" Aka ce sun kai tabarmi kasuwa. Ni da nake mace, na ce to, na rubuta a rahoto cewa gari duka ya amince. Ban tsaya nan ba. A ƙa'idojin kwamitin kurmi na sa cewa duk mai son zama mamba sai ya nuna katin ɗan ƙasa. Na ga tsari ne mai kyau, ban san mata biyu ne kawai suke da kati a garin ba.

Don haka, in kika je taro, kafin ki ƙirga waɗanda suka zo, ki tambayi waɗanda ba su zo ba, da inda suke, da abin da ya riƙe su. Ki ajiye kalandarki ki nemi tasu: ranar kasuwa, lokacin shuka, lokacin da makiyaya suke nesa. In tafinta ya gajarta miki shafi zuwa kalma uku, ki dakatar da shi cikin ladabi, ki ce wani daga cikin masu sauraro ya maimaita abin da ya fahimta. Kuma duk sharaɗin da za ki sa na shiga ƙungiya, ki fara tambayar kanki wa zai bari a waje.

Ke 'yar birni ce, bari in tuna miki abin da ake kira kaba. Ita ce goriba tun tana ƙarama, ba ta yi gangar jiki ba, ganyenta yana fitowa daga ƙasa tuli-tuli. Da ganyen nan matan garin suke saƙa tabarma da faifai da igiya, da shi suke ciyar da gidajensu a rani. Wani masani ya rubuta mana cewa yawan yankan kaba ne yake hana ta zama itace. Na karanta, na gamsu, na rubuta aya ta bakwai: an hana yankan kaba a cikin turakun iyaka, wanda aka kama a ƙwace wuƙarsa a kai shi jastis, gaban alƙali. Na ji daɗin yadda jimlar ta fita, gajera, ba ta da ƙofar da wani lauya zai bi ya tsere.

Kuskure na gaba ya fi wannan ba ni kunya, don da hannuna na yi shi. Masu ba mu tallafi za su zo ziyara, muka sa ranar share kurmi. Ina zagayawa sai na ga tsummoki ɗaure a jikin kaba, nan ja, can shuɗi, can wani ya koɗe har ba a gane launinsa. Na tambayi magatakardan mai gari mene ne wannan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Abin mata ne, Metir." Na ce a raina camfi ne, kuma baƙi za su ɗauka shara ce. Na sa aka kwance su duka. Ni kaina na cika kwano guda, ina kwancewa ina jin ni 'yar boko ce mai kawo haske. Muka buga wa manyan itatuwa faranti mai lamba, fari tas, aka ɗauki hoto. Hoton yana nan a falo, kin sha goge masa ƙura.

'Yata, in kika ga abu a daji ko a gona ba ki gane shi ba, ki sa hannunki a bayanki. Ƙulli ne, dutse ne a kan dutse, tsumma ne, kada ki taɓa sai kin sami wanda ya ajiye shi ya gaya miki dalili. In namiji ya ce miki "abin mata ne" ya wuce, to ki tsaya a nan, ki nemi matan. Sau da yawa dokar da ta fi taki tsufa a wurin take.

Ba a yi wata shida ba gardin gandun daji ya kama wata tsohuwa da dami a ka. Sunanta Haisa, kowa yana ce mata Nya Haisa, wato Inna Haisa da Zabarmanci. Shugabannin ƙungiya suka ce in aka bar ta farko, dokar ta mutu, sai mu shiga shari'ar. Na sa baƙar rigata na tafi. 'Yar ƙanƙanuwar tsohuwa ce, ta zo da tabarmarta a hammata, don ba ta yarda za a ba ta wurin zama ba. Na yi magana mai kyau ranar, na kawo zancen hamada, na kawo zancen jikokin da ba a haifa ba. Da alƙali ya tambaye ta ko tana da abin cewa, ta nuna ni da haɓa ta yi magana, tafinta ya juya: "Ta ce a tambayi yarinyar nan mai baƙar riga inda ta kai 'ya'yansu. Ta ce ita goma sha ɗaya ta ɗaure, an kwance mata." Aka yi dariya a zauren, ni ma na murmusa, na ɗauka rikicin tsufa ne. Aka yi mata kashedi, aka ƙwace wuƙarta. A bakin ƙofa ta dube ni ta ce, "Fofo, ay izo," wato sannu, 'yata. Na koma gida na ce wa babanki na ci shari'a. Ya tambaye ni da wa na kara, na gaya masa, sai ya ce, "Da tsohuwa mai tabarma? To, barka." Kwana biyu ban yi masa magana ba.

Ba kowace shari'a da za ki iya ci ba ce ya kamata ki shiga. Kafin ki sa rigar, ki dubi wanda zai tsaya a ɗaya gefen. In kika ga ya fi ki talauci, ya fi ki daɗewa a wurin, kuma bai san abin da aka rubuta a kansa ba, ki nemi a ɗaga zaman, ki je gidansa ki sha ruwa. Ƙungiya za ta matsa miki, masu tallafi suna son a ce an hukunta wani. Ke lauyarsu ce, aikinki ne ki gaya musu abin da ba su son ji. Kuma in wanda ake tuhuma ya faɗi maganar da ta sa zaure dariya, ke kada ki yi dariya, ki rubuta ta.

Shekara huɗu bayan haka na kai wasu baƙi kurmin. Manyan goribar suna tsaye da lambobinsu, amma ƙarƙashinsu fili ne fetal kamar an share masallaci. Awaki sun cinye tsiron, masu neman itacen wuta daga birni sun tone saiwoyin. Wata baƙuwa ta tambaye ni, ba da mugunta ba, "Metir, ina ƙananan?"

Ranar Asabar na koma ni kaɗai, ba riga, ba dosiye. Na sami Nya Haisa a ƙofar ɗakinta tana saƙa da kabar da ta sayo daga wani gari. Na fara haɗa 'yan kalmomin Zabarmancin da na sani, sai ta katse ni da Hausa garau: "Zauna, 'yata, kada ki karya harshenki." Na ce, "Inna, ashe kina jin Hausa?" Ta ce, "Shekara arba'in ina sayar wa Hausawa tabarma. Ba wanda ya tambaye ni, ke ma ba ki tambaye ni ba."

A nan ta buɗe mini abin da na kwance. Kowace mace tana da tulin kabar da take yanka, kuma ganyen gefe kawai ake ɗiba, ba a taɓa zuciyar. A kowane tuli sai ta zaɓi tsiro ɗaya mafi ƙarfi, ta yagi bakin zaninta ta ɗaura masa, ta kira sunan ɗanta ko jikanta a kansa. Daga ranar wuƙa ta haramta gare shi. Ita za ta kewaye shi da ƙaya, ita za ta kori akuya, har ya yi gangar jiki ya fi ƙarfin dabba. Mata kuwa sun san zanin juna, duk wadda ta ga tsumman ta san mai shi, ta san da wa za ta yi faɗa in ta taɓa. Ta ce mini, "Duk manyan nan da kika buga wa ƙarfe, akwai sunan mutum a kan kowanne. Wancan mai reshe biyu yayana ne, uwarmu ta ɗaure shi. Da kika ce kurmi na takarda ne, kika hana mu shiga, sai muka bar wa takarda ta yi musu ƙaya."

Na ba ta haƙuri, na durƙusa har ƙasa kamar yadda zan yi wa uwata. Na fito da sabuwar wuƙar da na sa maƙeri ya ƙera mata. Ta gwada kaifin a babban yatsa, ta ce, "Ba ta kai tawa ba, amma kawo." Daga nan muka soma aiki. Shekara guda ina zuwa duk Asabar, ina zama a tabarma da matan, su faɗa in rubuta, in karanta musu da Hausa, Nya Haisa ta juya wa sauran, su ce a'a ba haka ba, in goge. Aya ta bakwai ta zama shafi guda da rabi: wa ke yanka, wane ganye, wane wata, da cewa tsumman da mace ta ɗaura shaida ce da hukuma za ta girmama kamar tampo. Na sha wahala kafin ma'aikatan gandun daji su yarda a sa kalmar tsumma a takardar hukuma. Wani ya ce in nemi kalma mai mutunci, na ce ba ni da wadda ta fi ta. Muka cire sharaɗin kati, mata suka cika kwamiti. Je ki ga kurmin yanzu, ba ki iya ratsa shi sai kin tattare zani. Duk aikin da na yi a duniya, da wannan shafi da rabi na fi alfahari.

Saura kuskuren ƙarshe, wanda ya kai ga akwatinki. Gyaran ya tsaya a ƙauye da kabad ɗin hukuma. Tsohuwar yarjejeniyar kuwa ta riga ta yi ƙafa, an buga ta, an raba a tarurruka, malamai suna koyar da ita. Wata rana aka kira ni wani otel a Gaweye, a bakin kogi, aka ba ni lambar yabo saboda ita. Kina nan, kina da shekara goma sha biyu, an yi miki kitso, kina tafi har hannunki ya yi ja. Na hau mumbari da niyyar in ce akwai ayar da ta cuci mutane. Na dubi manyan baƙi, na dube ki, sai na ce na gode, na sauko. Daga ranar kullum ina cewa zan gyara, kullum ina jin nauyin a ce Metir Rabi ta yi kuskure. Ban san garuruwa nawa aka kwafa wa ayar nan ba, kuma wannan rashin sanin yana damuna fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kuskure a aikinmu ba ya zama wurin da aka yi shi, kwafarsa ake yi. In kika gane kin yi, ki faɗa da wuri, da babbar murya, a wurin da aka yabe ki. Ni na makara, amma ban mutu ba. Ranar Litinin an gayyace ni in yi wa sababbin lauyoyi magana, kuma na riga na gaya wa mai shirya taron cewa a kan aya ta bakwai zan yi. Babanki ya ce zai zo ya zauna a gaba, wai shekara ashirin da biyar yana jiran wannan rana.

In kika buɗe koren dosiyenki za ki ga na taɓa miki kaya, ki yafe mini. Na soke ayar da jan alƙalami, na sa hannu a gefe, na liƙa miki shafi da rabin nan. Amma shi ma kada ki kwafe shi, na goriba ne da matan bayan Harobanda. A Gaya za ki tarar da mata suna haƙar muruci, tsiron giginya da ake dafawa a sayar, kuma na rantse akwai wanda zai miƙo miki rahoto ya ce su ne suke kashe daji. Wataƙila da gaskiyarsa a wani wuri. Kafin ki rubuta kalma ɗaya, ki je ki tsuguna inda suke haƙa, ki sayi na ci, ki tambaye su wanne suke bari, kuma ta yaya ake gane na wance. Ban san abin da za su nuna miki ba, amma akwai shi. Ki ci abin da aka ba ki, ki gai da tsofaffi kafin ki gai da masu muƙami, kada ki sa takalmi mai tsini, kuma ki riƙa kiran babanki, don shi ba ya iya ɓoye kewa kamar ni.

Akwai abu ɗaya da na tsallake a labarin ranar Asabar ɗin nan. Da Nya Haisa ta karɓi wuƙar, sai ta ce in biyo ta. Muka fita bayan turakun iyaka, wajen wata ƙorama, inda dokata ba ta kai ba. Ashe a can ta ci gaba da ɗaurinta duk shekarun nan. Ta nuna mini wani tsiro kore shar, ta kama bakin zanina, atamfar da babanki ya saya mini da salla, ta yanka da sabuwar wuƙar ba ta ko nemi izini ba. Ta miƙo mini ta ce, "Ɗaura, ki kira sunan ɗanki." Na ɗaura, na fara kiran sunan ƙaninki. Ta ce, "Shi ne babba?" Na ce a'a, akwai yarinya, amma mu a wurinmu ba a faɗin sunan ɗan fari. Ta ce, "Da babba ake farawa. Nan ba kowa sai ni da itace, ni kuma kunnena ya yi nauyi." Ta juya mini baya. Na duba gabas, na duba yamma, na sunkuya na faɗa.

Nya Haisa ta riƙa yi masa ƙaya har Allah ya karɓi ranta, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Bayanta ni nake zuwa. Goribar nan da nake kawo miki a ƙullin gyale tun kina lise, babbar sakandare, kina gwaguya kina cewa ta fi ta kasuwa zaƙi, kina tambayata a ina nake saye ina ce miki wajen wata mata, daga itacenki take. Ya fi gidanmu tsawo yanzu. Wani yanki na atamfar yana cikin ambulan ɗin nan, na yanko miki daidai ɗauri ɗaya. Kada ki ɗaura shi sai matan wurin sun nuna miki inda ya dace.

Allah ya kiyaye ki a hanya da masauki, ya tsare ki daga sharrin mai dogon hannu da sharrin yabo. Ya ba ki kunnen saurare kafin bakin magana, ya haɗa ki da tsohuwar da za ta gaya miki gaskiya tun kafin ki kai ta gaban alƙali. Ya sa ki fi ni, don haka nake fata, kuma haka nake gani. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki, ko da yake yanzu kika rabu da su a tasha.

Sau ɗaya na taɓa faɗin sunanki da bakina, itace ne ya ji. Ga na biyu, ki riƙe.

Allah ya yi miki albarka, Balkisa.

Mahaifiyarki,
Rabi